Kabidon Kawu

A duk faɗin Bagudo, a shekarun da muka karɓi mulkin kai, mutum ɗaya ne ke da kabido, shi ne kawuna, yayan mahaifiyata. Kabido doguwar kwat ce irin ta soja, mai kauri, mai babban wuya da ake tayarwa har ya rufe kunnuwa. A Kandi ya saye shi, cikin ƙasar Dahome wadda yanzu ake kira Benin, daga hannun wani tsohon sojan Faransa. Kawu fataucin albasa da busasshen kifi yake yi tsakaninmu da can, ga shi mutum ne mai jin sanyi. In ya ƙetare kogin Kwara a jirgin ruwa da sassafe, ya hau bayan mota zuwa garin Tsamiya na bakin iyaka, kabidon nan ne ke tare masa iska.

Ban da kabido yana da malafa da baƙin tabarau, kuma ba don gayu ba. Idonsa ne ke ciwo. Ganin nasa ta gefe-gefe yake tafiya, har ya zama sai abin da ke gabansa sosai yake iya gani. Wani likita a Kandi ya duba shi, ya ba shi maganin ɗigawa a 'yar kwalba, ya ce abin da ya tafi ya tafi, amma sauran zai tsaya muddin bai yanke maganin ba. Duk lokacin da kwalbar ta kusa ƙarewa sai ya koma a sake duba idon a ba shi wata. Saboda rashin ganin gefen nan, Kawu ta jikin bango yake tafiya, yana ɗan shafa shi da yatsu, in kuma zai tsallaka hanya sai ya tsaya ya juya kansa gaba ɗaya dama da hagu. Mun saba ganinsa haka har mun daina lura.

Ni kuwa a lokacin ban daɗe da dawowa daga makarantar horon malamai a Sakkwato ba, ina koyarwa a firamare, kuma ina ji da kaina fiye da kima. Ina da gajeren wando mai guga, da biro a aljihu, da wata al'ada ta yi wa mutane bayanin abin da ba su tambaye ni ba. A Sakkwato na koyi zuwa silima. Tsofaffin finafinan Turawa ake kawo mana, marasa launi, da yawansu na 'yan leƙen asiri ne na zamanin yaƙi. Nan za ka ga mutum cikin doguwar kwat, ya tayar da wuyanta, ya sauko da malafa kan goshi, ya jingina da bango a lungu yana ƙyasta ashana. Yana bin wani a baya, in wancan ya waiwayo sai ya buɗe jarida ya ɓoye fuska. A ƙwanƙwasa ƙofa da wata irin alama, a yi musayar jaka a tashar jirgin ƙasa ba tare da an dubi juna ba. Babu mai dariya a cikinsu, mu ma masu kallo ba ma yi. Numfashi muke riƙewa, don mun san in aka kama shi harbe shi za a yi.

Wani hutu na raka Kawu Kandi, don mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta ce a riƙa kama masa kaya. Da aka ɗiga masa magani ya kwanta a masauki, ni kuma da magariba ta wuce na bi hayaniya har wani fili da aka kewaye da zana, inda wani mai yawo da injin silima ya kafa farin ƙyalle. Da Faransanci ake yin fim ɗin, ban ji ko kalma ɗaya ba, amma ban taɓa dariya irin ta ranar ba. Ga mutumina na Sakkwato nan, da kwat da malafa da komai, sai dai wannan wawa ne. Ya jingina da bango, ashe ƙofa ce, ta buɗe ya faɗa ciki. Ya ƙyasta ashana, wuyan kwat ɗin ya kama. Ya huda jarida don ya leƙa, ya riƙe ta kai a ƙasa. Wanda yake bi shi ma shi yake bi, suka yi ta zagaya itace ɗaya. Da aka zo musayar jaka, ya tafi da ta wata tsohuwa mai cike da kaji.

Abin da ya kama ni shi ne, ba su ƙirƙiro komai sabo ba. Tsofaffin nan suka ɗauko, tafiyarsu da tsayuwarsu, har da kiɗan nan mai sa gaba ya faɗi, suka ɗan karkata kowanne kaɗan. Kiɗan yana cewa mutuwa na tafe, sai kaza ta leƙo. Dariyar tana zuwa ne don ka san yadda abin ya kamata ya kasance, ka taɓa jin tsoronsa, yau kuma ga shi yana tuntuɓe a gabanka.

Kusa da ni akwai wani dattijon Bafillace mai sayar da shanu, da alama ranar ya fara ganin silima. Bai yi ko murmushi ba. Can ya taɓa ni ya ce, "Malam, mi ad da ban dariya nan? Bawan Allah na ta shan wuya, ku kuna ta ƙyaƙyata." Na buɗe baki zan yi masa bayani, na ga sai na fara daga Sakkwato, sai na ƙyale shi. A raina na ce, ƙauyanci dai ba shi da magani.

Bayan an gama girbi samarin garinmu sukan yi kalankuwa. Wasa ne da ake yi da rana a fili, a naɗa gwamnan wasa da alƙalin wasa da ɗan doka, a kwaikwayi manya, kowa ya sha dariya, ba mai jin haushi. Shekara da shekaru wanda aka fi jira shi ne mai kwaikwayon Baturen mulki, ya shafa toka a fuska, yana Hausa ta hanci. To ga shi Bature ya tattara ya tafi, wasan ya rasa gishiri. Sarkin samari, wanda abokina ne tun muna yara, ya same ni a bakin makaranta.

Ya ce, "Malam, bara mun yi Nasara, ko kare bai yi dariya ba. Kai da kag ga duniya, samo muna wani abu sabo."

Ai kamar jira nake yi. Nan take na zayyana masa ɗan leƙen asirin Kandi, na ce kuma ni zan yi shi da kaina, don babu wanda zai iya. Malafa ba ta yi wuya ba. Baƙin tabarau na saya a kasuwa, iri ɗaya ne ake kawowa, babu zaɓi. Jarida akwai tsohuwa a ofishin hedimasta. Saura kwat, kuma kwat ɗaya ce a garin.

Na tarar da Kawu a zaure yana ware albasa da hannu, yana jin mai laushi yana fitarwa. Na gaishe shi na ce ina son aron kabido, wasa za mu yi.

Ya ce, "Ɗauka mana, yana nan rataye. Amma ka maido min abuna kahin in tashi tahiya. Kuma kak ka bari yara su ja mashi wuya."

Har ya tashi ya taya ni sakawa, ya gyara min kafaɗa, ya ce ya yi min kyau. Wallahi ina tsaye a gabansa, sanye da rigarsa, yana kallona ta cikin tabarau irin wanda ke aljihuna, amma ban ga komai ba. Kaina cike yake da farin ƙyallen Kandi.

Ranar wasa, bayan la'asar, fili ya cika. Har mutanen ƙetare da suka zo cin kasuwa sun tsaya. Mai shela ya ɗaga murya ya ce ga ɗan leƙen asiri nan ya shigo gari, kowa ya kama bakinsa. Na fito ta jikin zana, wuyan kabido a tsaye, malafa kan goshi, ina laɓe-laɓe, ina shafa zanar da yatsu. Na zo tsakiya na tsaya cak, na juya kai gaba ɗaya dama, na juya hagu. Ban kai ga buɗe jarida ba fili ya ɓarke. Mata na guɗa, tsofaffi na riƙe ciki, wani ya faɗo daga kan turmi. Na yi mamaki, don wuraren da na shirya dariya ban ma iso su ba. Huda jarida da musayar jaka sun wuce ba wani armashi, amma da zarar na koma jikin zana na juya kai, sai a sake kecewa. Na ga ana ta waiwayar Kawu, wanda ke zaune a tabarmar dattawa, sai na ɗauka ana taya shi murna ne, ɗan ƙanwarsa ya yi abin kirki. Shi ma dariya yake yi. Daga baya na ji cewa daga inda yake ba ya hango ni, ya tambayi na kusa da shi, "Mi aka ma dariya?" Aka ce masa ɗanka ne ke wasa, shi ne ya kama taya su.

Na koma gida ina jin ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Inna ba ta je ba, amma labari ya riga ni. Tana zaune gaban murhu, ba ta amsa sallamata ba.

Ta ce, "Taubashinka na? Ko kakanka na? Wane wasa ag gare ka da yayana?"

Na ce, "Inna, wane yayanki kuma? Silima nika kwaikwayo. Wani Bature na, can Kandi nig gane shi."

Ta ɗago ta dube ni. "Wa yas san Baturen Kandi garin ga? Wa yat taɓa ganin silima? Mutum guda munka sani mai kabido da baƙin gilashi, mai bin bango. Ka ari rigatai, ka ari ciwonai, ka kai hili."

A wurinmu akwai waɗanda aka yarda ka tsokana, taubashi da kaka da abokin wasa na ƙabila. Kawu ba ya cikinsu, balle a kan lalura. Duk abin da na ɗauko daga fim, mutanen Bagudo sun nemi inda za su jingina shi, kuma wuri ɗaya suka samu. Na yi ta maimaita wa Inna cewa ba nufina ke nan ba, har na gaji da jin muryata.

Washegari na naɗe kabido na kai wa Kawu, na durƙusa na fara dogon bayani, tun daga finafinan Sakkwato. Ya bar ni na gama. Ya ce ba komai, wasan samari ne. Ya ce, "An ce ka iya ni ƙwarai. Kaito, da na gani." Sai ya shafa wuyan rigar, sannan ya tambaya a hankali, "Ashe haka nika tahiya?"

Shi bai san haka yake tafiya ba, ni na sanar da shi, a gaban gari.

Da abin ya tsaya nan, da kunya kawai zan sha. Amma sunan ya kama shi. Yara suka fara, in ya wuce su ce ga ɗan leƙen asiri. Na zane na ajinmu, abin ya ƙara musu daɗi. Daga yara ya koma bakin 'yan kasuwa da yaran mota, ba da mugunta ba, har wasu a gabansa suke faɗi yana amsawa da murmushi. Sunan ya bi buhunan albasa ya ƙetare iyaka.

Lokacin kuwa ba na wasa da irin wannan kalma ba ne. Ƙasashen duk sababbi ne, kowace gwamnati a tsorace take, ana ta raɗe-raɗin masu shigo da makamai ta daji. A wani shinge da ke can gaba da iyaka an canza tsofaffin jandarmomi, 'yan sandan can, da suka san Kawu, an kawo wasu samari daga bakin teku, ba su jin Hausa, ba su jin Dandanci. Direban motar da ya ɗauke shi ne ya ba mu labari. Ya ce an tsayar da su ana sauke kaya, sai yaron motarsa ya ɗaga murya cikin raha ya ce, "Ɗan leƙen asiri, sauko a duba naka!" Fasinjoji suka yi dariya. Ɗaya daga cikin jandarmomin ya tambayi tafinta me aka ce, tafinta ya faɗa masa.

Suka dubi dattijo da doguwar kwat da baƙin tabarau, yana juya kai dama da hagu. Suka shigar da shi ɗaki, suka tuɓe shi, suka farke cikin kabidon suna neman abin da ya ɓoye. Tabarau ya karye a nan. Ya kwana biyu a tsare kafin mai masaukinsa na can ya ji labari ya zo ya tsaya masa. Suka sake shi da sharaɗin kada su sake ganin ƙafarsa. Ya dawo Bagudo bai isa Kandi ba, kwalbarsa babu komai a ciki.

Na shiga fafutuka, irin ta wanda ya san shi ya jawo. Na nemi izini a makaranta na tafi Kandi da kaina, ni ba wanda ya tsayar da ni. Likita ya ba ni kwalba ɗaya da ƙyar, ya ce ba zai ƙara ba sai ya ga idon, don maganin ana auna shi ne da yadda idon yake. Na dawo na ce wa Kawu akwai hanyar ƙafa ta cikin daji wadda makiyaya ke bi, ba shinge ba jandarma, zan samo jaki in kai shi.

Ya ce, "Ni da nika shiga garin nan da rana tsaka tun ba a haihe su ba, yau in bi ta daji awa ɓarawo? To ai maganassu ta tabbata ke nan."

Na roƙe shi, Inna ta yi kuka, limamin unguwa ya sa baki. Kawu mutum ne mai sanyin magana, amma in ya ce a'a ya gama. Na sayo masa sabon tabarau, ya karɓa ya yi godiya, ya sa a ƙarƙashin matashi. Kabido aka ɗinke aka rataye, bai sake taɓa shi ba, ko da sanyi ya yi tsanani. Abin da ya fi ci min rai shi ne ya daina bin bango. Ya koma tafiya a tsakiyar hanya, kai a miƙe, ba dama ba hagu, ido na zubar da ruwa saboda rana. Keke ya buge shi sau ɗaya, wani karon kuma ya yi karo da jakin masu itace. Yara dai sun daina kiransa da sunan, abin da yake so ke nan. In na hango shi daga nesa sai in rasa inda zan sa kaina, in bi shi a baya in tsare shi, ko in canza hanya don kada in gani. Sau da yawa hanya nake canzawa.

Bai taɓa ɗora min laifi ba, ko da wasa. Da ya zage ni da na ji sauƙi. In na je gaishe shi sai ya tambayi makaranta, ya tambayi ko an ƙara mana albashi, ya sa a kawo min fura. Ni kuma in zauna in sha.

Kwalbar da na kawo ta ƙare tun kafin zafi ya shigo. Na ji an ce akwai masu duba ido a Kano, kuma wannan karon ya yarda, tunda ba a tsallaka iyaka. Tafiya ce mai nisa a wancan zamani, sai na ce a bari a yi hutun makaranta, saura 'yan makonni. Ni na yanke haka, don ina tsoron sake neman izini wurin hedimasta. Kawu ya ce to, Allah ya kai mu.

Ranar wata Alhamis da bazara, bayan an tashi makaranta, na biya ta gidansa. Rana ta take, ƙasa na ƙona tafin ƙafa, sama tas babu ko ɗigon gajimare. Ya sayi albasar bana an baza ta a tsakar gida tana shan iska, shi kuma yana zaune a bakin rumfa, fuskarsa a ɗage. Na yi sallama, ya gane muryata.

Ya ce, "Yawwa, ɗana, gara da kaz zaka. Ka ga yadda gari yay yi duhu lokaci guda? Hadari na babba. Yi maza ka kwashe min albasan ga kahin ruwa shi sauko."

Na dubi sama, na dube shi. Idonsa a buɗe yake, yana fuskantar rana kai tsaye, ko ƙiftawa ba ya yi.

Ya ce, "Kana ji na kuwa? Yi sauri mana."

Na ce, "To, Kawu." Na ajiye littattafaina, na ɗauko kwando, na durƙusa cikin ranar nan na fara kwashe albasa.